Matakala ta Uku

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tsorata mutane a filin wasan da ke bayan tashar mota, har sunansa na yanka ya ɓace. Kowa Dodo yake ce masa, hatta matarsa in ta so tsokana. Filin yana da babban lilo, da motocin gware, da kwale-kwale masu siffar agwagwa, sai can ƙurya wani gini mai duhu da aka rubuta wa Gidan Tsoro a goshi. Nan ne wurin aikinsa. Mutane su yanki tikiti, su shiga ta ƙofar sama, su bi wani siririn lungu, su sauko matakalar katako mai hawa bakwai. Shi kuwa yana laɓe a ƙarƙashinta cikin baƙar riga mai gashi da kan roba mai ƙaho. In sun iso ƙasa ya fito ya yi gurnani, su watse da ihu, ya koma ya jira na baya.

Matsalar guda ɗaya ce. Matakala ta uku daga sama ta ruɓe. Ruwan rufi ya daɗe yana ɗiga mata, gara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Daga sama fes take da fentinta, amma shi da ke tsaye a ƙasa yana ganin yadda take lanƙwasawa duk lokacin da aka taka ta, garin katako yana zubo masa a kafaɗa. Ƙarƙashinta kuma ba komai sai siminti, zurfin ya kai tsayin mutum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya faɗa wa manaja, manaja ya ce ya rubuto. Ya rubuto, manaja ya ce kafinta zai zo. Ya tari kafinta a hanya, kafinta ya ce shi ba ya ɗaga guduma sai da takardar manaja. Shekara biyu ana wannan gobe-jibin. Ga kuma doka liƙe a ƙofar ofis da manyan baƙaƙe, cewa duk ma'aikacin da ya taɓa kayan wasa da guduma ko sifana ba tare da izini ba, a bakin aikinsa. Dodo mutum ne mai tsoron doka, mai 'ya'ya uku a makaranta. Sai ya nemo tasa dabarar. Da zarar ya ji sawu a saman matakala, sai ya yi magana daga cikin duhu da muryarsa ta gida.

"A kula da matakala ta uku."

Mutane su tsaya, su ƙirga, su tsallake ta. Sannan ya fito ya yi gurnaninsa. Gaskiya daga nan ba wanda ke wani tsorata sosai, don da wuya ka ji tsoron wanda ya gama kula da lafiyar ƙafarka. Amma dai a shekara biyun nan ba wanda ya faɗi, shi kuwa abin da yake so ke nan.

Ana nan sai ga Mai Tsaki. Wani dogon saurayi ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Sana'arsa ya zaga filayen wasa da waya a hannu, ya hau kowane abu fuska a murtuke kamar an yi masa mutuwa, ya sauko ya yanke hukunci da tsaki. Tsaki ɗaya, abin ba laifi. Tsaki biyar, a rufe wurin kowa ya huta. Ya saka bidiyon a intanet, dubban mutane su taru suna dariya, shi ko a jikinsa. Babban lilon filin ya ba shi tsaki uku, ya ce ya taɓa jin jirin da ya fi wannan ran da ya miƙe tsaye da sauri. Agwagwar ruwa ya ba ta huɗu, ya ce ta fi shi sanin inda za su.

Dodo bai san an yi ba. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila. Matarsa ce mai babbar waya, don tela ce, masu ɗinki suna turo mata samfurin kaya. A ɗakin gaba take aiki, da kekenta, da wani teburin yanka mai faffaɗan katako biyu da ta shigo da shi gidan tun suna sabon aure. Da yammar ran nan ya dawo ya same ta kife a kan teburin, kafaɗunta na rawa. Ya zaci kuka take.

"Baban yara, zo ka ji kanka."

Ta miƙa masa wayar. Allon baƙi ƙirin, sai ƙarar sawu. Can sai muryarsa, a natse, kamar mai nuna wa baƙo hanyar banɗaki: "A kula da matakala ta uku." Mai Tsaki ya ce, "Na gode." Dodo ya ce, "Ba komai." Sannan gurnani ya biyo baya. Daga nan sai ga Mai Tsaki a waje, ya kafe masu kallo da ido na tsawon lokaci, ya ja tsaki huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce biyar ya kamata, ya cire ɗaya ne saboda dodon ɗan gidan mutunci ne.

"To mene ne abin dariya a nan?" in ji Dodo.

Wannan tambayar ta sake kifar da ita.

Daga ranar abincin yamma ya koma zaman karatu. Tana ci da dama, tana jan allon waya da hagu, tana karanto masa sharhin masu kallo. Kai, mutane ba su da aikin yi. Wani ya ce wannan dodon ya fi mai gidan hayarsa tausayi. Wata ta ce in dodon ba shi da mata a ba shi lambarta. Wani mai dogon rubutu ya bayyana cewa matakala ta uku ba katako ba ce, shekara talatin ce ta rayuwar ɗan Adam, kuma ya yi kuka da ya gane haka. Wasu suka ce shiri ne, Mai Tsaki ne ya biya a faɗa. Sai kuma babbar rigima ta ɓarke a kan ko daga sama ake ƙirgawa ko daga ƙasa. 'Yan sama da 'yan ƙasa suka kwana uku suna zagin iyayen juna. Wani da ya ce shi injiniya ne ya zana hoto da kibiyoyi, bai taɓa taka filin ba.

"Daga sama ne," in ji Dodo. "Ai saukowa ake yi."

"Bari in faɗa musu."

Ta rubuta, ta sa hannu da Matar Dodo. Kafin gari ya waye matan Dodo sun kai goma sha biyu, kowacce tana rantsuwa ita ce ta gaskiya. Ɗaya ma har da faɗin abin da yake so da karin kumallo, kuma abin haushin ta canka daidai. Maman yara ta ɗauki abin da zafi. Mace mai shekara ashirin da aure, mai ciwon gwiwar da ta samo wurin taka keke don rufin asirin gidan, a ce wasu marasa fuska su ƙaryata ta? Sai ta ajiye almakashi ta shiga fagen daga, ɗinkin mutane yana jira.

Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Layin Gidan Tsoro ya miƙe har ya zagaye wurin agwagi. Da farko Dodo ya ɗan ji daɗi, ba zai yi ƙarya ba. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa tambayar wane ne a cikin rigar, yanzu ga mai sayar da tikiti yana tashi ya ba shi kujera. Amma daɗin bai yi mako ba. Mutanen da ke zuwa yanzu sun haddace maganar tun daga gida. Kafin ya buɗe baki sun riga shi, su goma a haɗe, da waƙe. Su sauko suna ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, in sun kai uku maimakon su tsallake sai su tsaya a kanta. Su kunna fitilar waya su ɗauki hoton ƙafarsu. Wani ƙato ya yi tsalle sau biyu a kai don abokansa su ɗauka. Dodo yana ƙasa, ya ji katakon ya yi wani kuka da bai taɓa yi ba, gari ya zubo masa har cikin idon roba.

Ya canza magana. Ya ce, "A kula da matakala ta uku. Da gaske nake." Lungun ya ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Kwana biyu bayan nan sai ga wani yana sayar da riguna a bakin ƙofar fili, an rubuta Da Gaske Nake a ƙirji.

Dodo ya cire kan roba ya riƙe a hammata, ya tafi ofis.

"Yallaɓai, katakon nan ba zai kai ƙarshen wata ba."

Manaja yana kallon bidiyon a kwamfuta, karo na nawa oho. Ya ɗago da fara'a.

"Baba Dodo, zauna mana. Ka ga layin nan kuwa?"

"Na gani, yallaɓai. Shi ne matsalar. Da tsallakewa suke, yanzu takawa suke."

"To in muka gyara, me za ka riƙa faɗa?"

"Ba sai in yi gurnani ba. Aikin da aka ɗauke ni ke nan."

Manaja ya girgiza kai kamar mai magana da yaro. Ya ce gurnani kowa ya iya, ko karen gidansa. Ya ce matakalar nan shekara biyu tana riƙe da kanta, ba yanzu da ta yi suna za ta ba su kunya ba. Ya ce a bari lokacin hutun makaranta ya wuce, a ga abin da hali zai yi. Sannan ya nuna ƙofa da biro, daidai inda dokar ke liƙe, ya ce kada kowa ya taɓa masa katako. Da Dodo ya juya zai fita, manaja ya ce ya ɗan faɗa masa sau ɗaya, zai tura wa ƙanwarsa.

Ran nan da yamma Dodo ya karɓi wayar matarsa da kansa. Da yatsa ɗaya, yana gumi, ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa shi ne dodon, matakalar ta ruɓe ƙwarai, don Allah a daina tsayawa a kanta, wani zai karye. Ya miƙa mata ya jira. Amsoshi suka fara zubowa kamar an kwance famfo. Fuskokin dariya masu hawaye, jere-jere. Wani ya ce wannan ya fi kowa iya kwaikwayon dodon. Wani ya ce bai iya ba, dodon gaske ba ya dogon surutu. Ɗaya daga cikin matan nan goma sha biyu ta ce wannan ba mijinta ba ne, nata ba ya kuskuren rubutu.

Ran Juma'a da yamma Maman yara tana guga a kan teburin yanka, ta ce masa ba tare da ta ɗago ba, "Gobe zan zo wurin aikinku."

"Yin me?"

"Na faɗa musu. Zan tsaya a matakala ta uku, kai kana gefena, a ɗauke mu. In ga bakin da zai sake cewa ba ni ba ce."

Ya ajiye kofin shayinsa. Ya dubi gwiwarta da ke ɗaure da ƙyalle, ya dubi jikinta, wanda ba na mai tsallake-tsallake ba ne. Tsoro ya kama shi, irin wanda shekara goma sha ɗaya yana sayar wa mutane jabunsa.

"Maman yara, ki saurare ni. Kada ki taka wurin nan. Ya ruɓe. Da gaske nake."

Ta ajiye dutsen guga, ta fashe da dariya har da tafi. Ta lalubo waya.

"Wallahi kamar a bidiyon. Tsaya, tsaya. Sake faɗa in ɗauka."

Bai sake faɗa ba. Ya zauna yana kallonta tana share hawayen dariya da gefen zani. Dariyar baƙi dubu ba ta yi masa ciwon da wannan ɗaya ta yi ba. Matar da ta san tarinsa a cikin tarin mutum ɗari, yau ita ma ta daina jin muryarsa, ta koma jin ta waya. Ya duba agogon bango, masu sayar da katako sun riga sun rufe, gobe kuma ba za su buɗe ba sai an buɗe fili.

Da sassafe, tana wanka, ya ɗauko guduma da zarto daga ƙarƙashin gado. Ya kwashe yadudduka daga kan teburin yanka ya jera su a kujera, bai bari ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Ya ɓamɓare katako ɗaya daga cikin biyun, ya saɓa a kafaɗa, ya fita. Mai gadin fili ya dube shi, ya dubi katakon, ya dubi gudumar, sannan ya juya ya ce shi bai ga komai ba, shayi yake sha.

Aikin da aka yi shekara biyu ana rubuta wa takarda bai ci minti ashirin ba. Tsohon katakon ko ƙusa bai buƙaci a zare masa ba, ja ɗaya ya biyo hannu. Ya auna, ya yanka, ya kafa sabon da ƙusa takwas. Ya hau ya yi tsalle a kai da dukkan nauyinsa, ko motsi. Ya jingine tsohon a bango, ya sa rigarsa mai gashi, ya koma maɓoyarsa.

Wajen hantsi ya ji muryarta a saman lungu, tana faɗa wa wasu 'yan mata cewa su ja baya, matar gida ce ta zo. Daga muryar ya san ta ga teburinta. Sawu ya taru a saman matakala. Aka yi waƙen da aka saba, aka ƙirga ɗaya, biyu, uku, aka yi tsit ana jiran ya faɗa.

Bai ce komai ba.

"Dodo, faɗa mana," in ji wani.

Aka kunna fitilun waya. Tana tsaye a kan matakala ta uku da ƙafa biyu, hannu ɗaya a bango, ɗayan riƙe da waya. Ta sunkuyar da haske ƙasa. A tsakanin takalmanta ga zanen alli na wuyan riga, ga kuma baƙin tabon dutsen guga da ta manta a kai shekarar da ta haifi ɗan fari. Ta daɗe tana kallo.

Dodo ya fito daga ƙarƙashin matakala a hankali, bai yi gurnani ba. Ya ɗauko tsohon katakon, ya ɗaga shi cikin haske, ya juya musu cikinsa. Ya sa babban yatsa ya danna. Yatsan ya shige ya ɓulla ta ɗaya gefen, katakon ya rabe biyu, garinsa ya zube a kan siminti. Wani yaro-yaro a baya ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

"Tun yaushe yake haka?" in ji ta.

"Shekara biyu."

"Kuma ka faɗa mini?"

"Kullum."

Ta sauko sauran matakalar tana dafa bango, ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso ƙasa ta dubi zurfin wurin daga inda yake tsayawa, ta dubi simintin. Ta sa hannu ta kakkaɓe masa garin katako daga kafaɗar rigar. Ba ta ɗauki hoton ba.

Manaja mutum ne mai cika alkawari in ta wannan fannin ne. Kafin a tashi ya kira Dodo, ya karanta masa dokar da ke ƙofa daga farko har ƙarshe, ya karɓi rigar da kan roba. Ya ce ba don ransa ya so ba. Bayan kwana biyu aka ɗaura lasifika a ƙarƙashin matakala, aka ciro muryar Dodo daga bidiyon Mai Tsaki. Yanzu duk wanda ya shiga, lasifikar za ta gargaɗe shi game da katakon da ya fi kowane katako ƙarfi a filin.

Masu kallo ba su yafe ba. Bidiyon yatsa cikin katako ya zaga, aka yi ta sharhi. Wasu suka ce dodon ya lalata wasan, ba shi da raha. Wasu suka ce wannan ma shiri ne, an jiƙa katakon da gangan. 'Yan ƙasa suka ce ba matakalar da ta dace ya gyara ba. Mai Tsaki ya koma, ya saurari lasifikar, ya ce na gode, ba a amsa masa ba, ya fito ya ja tsaki biyar. Matan Dodo goma sha ɗaya suka ɓace a rana ɗaya, ko sallama babu. Daga nan jama'a suka koma kan wani raƙumin roba a wani filin, wanda aka ce yana tari.

Dodo kuwa da safe ya fita neman aiki, da rana ya dawo ya riƙe mata bakin yadi, don teburin ya zama rabi, sai da mai riƙewa. Ba ta taɓa tambayarsa katakonta ba. Wata rana tana yankan hannun riga ta ajiye almakashi, ta ɗauko waya.

"Na rubuta musu wani abu."

"Maman yara, na gaji da mutanen nan."

"Gajere ne. Na ce, ba wanda ya faɗi."

"Me suka ce?"

Ta ja allon ƙasa, ta ja sama.

"Ba wanda ya amsa. Kwana uku ke nan."

Ya gyara riƙon yadin, ya miƙe shi sosai don kada yankan ya karkace. Ya ɗan jima yana kallon gurbin da katakon ya bari.

"Sake karanta mini," ya ce.